Atishawar Miliyan Uku

Mijin yayata, Labaran tela, bai taɓa sayen ko akurkin kaji ba, amma in ana hirar farashin gidaje a bakin shagonsa na Laranto, sai ka rantse shi ya yanka filayen Jos ya raba wa jama'a. Ni Salma ƙanwar matarsa ce, akwai wasa tsakaninmu, saboda haka duk abin da zan faɗa a nan na riga na faɗa masa ido da ido, har da ƙari.

Yaya Mariya shekararta goma sha bakwai a gidan haya. Famfon tsakar gidan rabonsa da ruwa tun ɗanta Mahdi yana goye, ga shi yanzu har ya fara gemu. Kullum tana bakin ƙofa tana ƙwala wa 'yan garuwa kira, in rani ya yi nisa kuma su yi kamar ba su santa ba. Burinta ɗaya ne a duniya, gida nata mai rijiya. Tare muke sayar da dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada, na san yadda ta hana kanta sabon zane ta tara. Da ta haɗa da rabonta na filin marigayi babanmu, sai abin ya kai miliyan goma cif. Ana nan kuma mai gidan hayar ya ce ƙarshen wata kowa ya tashi, zai rushe ya gina shaguna.

Shekarar kuwa kuɗi sun ɓuya. Masu sayar da gida sun fi masu saye yawa, duk layin da ka shiga sai ka ga bango da jan fenti an rubuta na sayarwa ne, har fentin ya koɗe. A haka Yaya ta samo nata a Jos Jarawa: ɗaki huɗu, bishiyar fiya, da rijiyar da ba ta ƙafewa ko a watan Afrilu. Mai gidan wani dattijo ne ɗan fansho, ana ce masa Da Pwajok, yana so ya koma garin Vom shi da matarsa Ngo Firisila. Bara miliyan sha huɗu ya sa wa gidan, bana ya sauko goma. Sharaɗinsa ɗaya. Tun zamanin mahaifinsa ana barin ƙaramar ƙofar baya a buɗe daga asuba zuwa hantsi, 'yan layi suna ɗibar ruwa, kuma tunda suna sha a gidan, ba ya sayar wa wanda ba su yarda da shi ba. Yaya ta ce ta ji ta gani.

Ta dawo gida bakinta har kunne, sai ta yi kuskuren gaya wa mijinta.

"Goma?" Labaran ya ajiye cokali. "Haba Mariya! Wa ke sayen gida a kasuwar da ke gangarowa? Tumatir ne fa da la'asar, mai shi ne ke roƙonka. Ba ni kwana bakwai. In ban sauko da shi miliyan bakwai ba, canza mini suna."

"Baban Mahdi, ka bari don Allah. Akwai wata Madam Nkoli mai sayar da tayil, ita ma gidan take nema."

"Tayil! Ni da na ɗinka wa manyan dillalai uku kaftani?"

Na ce, "Yaya Labaran, ai biyu sun dawo da shi, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Ke rufe mana baki, 'yar dankali."

Ranar Litinin muka tafi ganin gida mu uku. Ya sha babbar riga da baƙin tabarau, da sanyin safiyar nan da ko rana ba ta leƙo ba. Da Pwajok ya tarbe mu, Ngo Firisila ta kawo kujeru. Labaran ko zama bai yi ba. Ya nufi bango ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya girgiza kai.

"Baba, wannan bangon yana da ciwo a ciki."

"Dutse ne, Malam Labaran. Babana ya fasa shi da hannunsa a bayan gidan nan."

"To, ƙofar fa? Dubi yadda take rawa."

Ya kai mata hauri don ya nuna mana. Ƙofa ko gezau, shi kuwa ya yi tsalle da ƙafa ɗaya yana salati, farcen babban yatsa ya tashi. Da ya gama ɗingishi sai ya nufi rijiya, ya leƙa ya ce zai auna zurfinta da murya. Ya buɗe baki ya ce "Hooo!" Hularsa ta amsa masa, ta sulale ta faɗa ciki. Ngo Firisila ce ta ciro ta da guga, ta matse ta miƙa masa.

Dattijon ya so ya sassauta zancen. Ya ce, "Ka san lokacin da nake aiki a Vom..."

"Baba, bar tarihin nan, mu yi maganar kasuwa. Bakwai."

"Goma," in ji Da Pwajok.

Za mu fita ke nan Labaran ya hango kejin kajin Ngo Firisila a bayan gida, masu ƙwai kamar talatin. A makon kuwa ba abin da ake zance a gari sai murar tsuntsaye. Wai ta ɓulla a wata gona can bayan gari, wai tana kama mutum, wai wane ya ji daga bakin wane. Ga lokacin sanyi, kowane gida akwai mai jan hanci, in yaro ya yi tari uwarsa sai ta fara tambayar ko ya taɓa kaza. Na ga idon Labaran ya yi ƙyalli a bayan tabarau, na san ya ƙulla wani abu.

Washegari da sassafe ya ɗebi yajin Yaya daga kwalba, ya ƙulle a hankici, ya hau keke napep sai Jos Jarawa. Wannan daga baya muka sani. Ya zauna teburin Jabir mai shayi a bakin layin Da Pwajok, daidai lokacin da benci ya cika. Ya kurɓi shayi, ya kai hankici hanci.

"Atishaaa!"

"Yarhamukallah," in ji Jabir.

"Atisha! Atisha! Wayyo ƙirjina. Ni dai tun jiya da na shiga gidan can mai kaji nake jin jikina wani iri. Ban ce komai ba fa. Kada wani ya ce na ce."

Kafin ya rufe baki benci ya zama nasa shi kaɗai. Wani ya bar burodinsa da ƙwai ko gutsura bai yi ba. Jabir ya ja baya har jikin katanga, ya nuna masa ƙasa da ludayi.

"Oga, ajiye kuɗin a nan. Kofin ma ka tafi da shi, na ba ka."

Kafin azahar labari ya gama layin. Masu sayen ƙwan Ngo Firisila suka ɗauke ƙafa. Ƙofar baya ta kwana ta wuni a buɗe, babu wanda ya zo da bokiti, mata suka koma tare 'yan garuwa a titi suna tsine wa kaji. Wasu mutum biyu da suka yi alkawarin zuwa ganin gidan suka kashe waya. Labaran ya koma ranar Laraba ya ƙara zuba atishawa a shagon aski, ya dawo yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Abin da bai lissafa ba shi ne mai keken da ya ɗauko shi ɗan Laranto ne, shi ya kawo labarin unguwa.

Ranar Alhamis ya buɗe shago ya tarar da mutane sun yi cirko-cirko a tsallaken kwata. Ya ɗauka ciniki ne. Ashe waɗanda suka kawo ɗinki ne suka zo karɓar yadinsu. Wani alhaji ya miƙo doguwar gora daga nesa.

"Rataya mini shaddata a nan."

"Alhaji, ai na riga na yanka!"

"Rataya yankakkiyar. Almakashin ma ka bi shi da ruwan zafi."

A masallaci kuwa da aka tayar da sallah, sahu ya cika maƙil, amma dama da hagu na Labaran sai ka shimfiɗa tabarma. Liman ya waiwayo zai ce a cike gurbi, ya ga ko wane ne, ya juya ya kabbara. Ya dawo gida ya tarar an fito da butarsa waje an kifa mata kwano. Matan gidan suka taru suka yanke hukunci, ba da shawararsa ba: sai an yi masa surace. Aka tafasa ganyen darbejiya da na mangwaro da tafarnuwa da citta a babbar tukunya, aka zaunar da shi a kan turmi, aka lulluɓe shi da bargo biyu, wata tsohuwa ta danne gefen bargon da taɓarya.

"Na warke! Wallahi na warke!"

"Ciwon ne ke magana," in ji tsohuwar. "A ƙara wuta."

Ya fito jajir yana tururi kamar dafaffen rogo. Aka ɗura masa ruwan ɗacin, aka kai shi ɗakin ajiyar gawayi aka turo ƙofa, ana miƙa masa tuwo ta taga.

Ni dariya nake, amma da na shiga wajen Yaya sai dariyar ta tsaya. Tana zaune bakin gado tana kuka na gaske. Ta ce, "Salma, ni na ja shi gidan nan. In wani abu ya same shi, me zan yi da rijiya?" Tausayinta ya kama ni, haushinsa kuma ya cika ni, don tun safe na lura kwalbar yajin da muka daka tare ranar Lahadi ta sauka rabi. Na je bakin tagar.

"Yaya Labaran, yaya jiki?"

"Da sauƙi, ƙanwata."

"Murar taka da daddawa a ciki, ko?"

Ya matso ya rage murya. "Ke ba ki san kasuwa ba. Kwana biyu ya rage. Ki yi shiru, zan ɗinka miki leshi kyauta."

"Hannu ɗaya ya fi ɗaya? Ka gaya mata gaskiya yau, ko ni in gaya mata."

"Gobe. Na rantse gobe."

Na yarda, kuma har yau ina cizon yatsa. Goben ba ta zo ba sai ga saƙo daga Da Pwajok: Malam Labaran ya zo ranar Asabar da hantsi, a gaban mai unguwa, a ƙare magana. Labaran ya fito daga ɗakin gawayi yana karkaɗe riga.

"Kun gani? Tsoho ya ji wuta. Mariya, shirya buhunan kaya. Bakwai na ce, amma yadda nake jin kaina yau, shida da rabi."

Muka isa muka tarar da layin kaf ya hallara a tsakar gidan, amma kowa ya manne da bango, wasu da takunkumi, wasu sun naɗe hanci da ɗankwali. Mai unguwa na kan kujera gindin fiya. Madam Nkoli na gefen rijiya da kiret ɗin ƙwai a hannu, ita ko a jikinta. An ajiye wa Labaran kujera guda a tsakiyar fili. Ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya kai hankici hanci ya saki guda biyu masu ƙarfi don buɗe taro. Jama'a suka ƙara mannewa.

Sai ga Da Pwajok ya fito daga ɗaki cikin tsohuwar farar rigar aiki, da safar hannu, da ƙaramar jaka.

"Sannu da jiki, Malam Labaran. Ranar nan ka hana ni ba ka tarihi. Shekara talatin da ɗaya na yi a Vom, ba abin da nake yi sai gwajin cutar kaji."

Ƙafar Labaran ta sauko daga kan 'yar'uwarta.

"Ranar Laraba na ɗebi samfur daga kajin matata na kai aka duba. Ga takarda, ranka ya daɗe, lafiyarsu ƙalau. Saura mara lafiya. Tunda ya ce a gidana ya ɗauka, dole a san abin da ke jikinsa, don yaran layin nan."

Ya zaro wani tsinke mai auduga a kai, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya.

"Baba, wannan fa?"

"Na ɗibar samfur ne. Ni dai a kaza na iya, kuma a kaza wuri biyu ake ɗiba. Maƙogwaro, da ƙarƙashin wutsiya."

Wata mata ta fashe da dariya a cikin takunkumi. Labaran ya miƙe zumbur.

"Alhamdu lillahi, ai na samu sauƙi! Suracen nan ya yi aiki. Ji numfashina." Ya ja iska ya buga ƙirji.

"Yanzun nan ka yi atishawa biyu," in ji mai unguwa.

"Ragowa ce, ranka ya daɗe. Ta ban kwana."

"To, madalla," in ji Da Pwajok. "Ba sai an taɓa ka ba. Kawo hankicin kawai in sa a leda, shi ma ya isa gwaji."

"Hankicin gado ne."

"Zan dawo maka da shi."

"Ba a wanke ba."

"Haka ake so."

Dattijon ya kama gefe, Labaran ya riƙe gefe. Wannan ya ja, wancan ya ja. Ƙullin ya warware, iskar Jos kuwa da ba ta raina aiki ta kwashi jan gari ta watsa wa mai unguwa a fuska, ta bi layin bango da saura. Mai unguwa ya yi atishawar da ta tuge masa hula. Jabir mai shayi ya karɓa, matan suka ɗauka, har kajin suka hau kyarkyara. Mutane suka fara rububin ƙofa ana "Ta kama mu! Ta kama mu!"

Ngo Firisila ce ta duƙa ta dangwali garin a ƙasa, ta shinshina, ta ɗanɗana.

"Ku tsaya! Barkono ne. Da citta, da daddawa. Kai, wadda ta daka wannan ta iya daka."

Yaya Mariya ta tako a hankali ta karɓi hankicin. Ta daɗe tana kallonsa.

"Yajina ne," ta ce.

Labaran ya gyara wuyan riga, don shi bakinsa ba ya mutuwa.

"To, ai dabarar ciniki ce. Ko a manyan ƙasashe..."

"Kwana biyar ina sayen ruwa!" wata mata ta katse shi.

"Ni na zubar da miyar kaza tukunya guda!"

"Kofina!" in ji Jabir.

Mai unguwa ya ɗaga hannu, hawaye na zuba, ya ce mai gida ya yi magana. Da Pwajok ya cire safar hannunsa, ya juya wajen Yaya, ba wajen Labaran ba.

"'Yata, ranar da kika fara zuwa, ba ki tambaye ni tsagewar bango ba. Tambayata kika yi tsofaffi nawa ke ɗibar ruwa, ko akwai wadda ba ta iya jan guga. A daren na gaya wa matata, tara zan bar miki. Ranar Litinin nake shirin faɗa, mijinki bai bar ni na kai ƙarshen magana ba." Ya waiwaya ga jama'a. "Amma ƙa'idar gidan nan ba ni na kafa ta ba. Wa ya yarda Malam Labaran ya riƙe mabuɗin ƙofar rijiya?"

Babu hannun da ya tashi. Ni kaina da na zo da su, nawa yana cikin mayafi.

"Madam Nkoli fa? Ita kaɗai ta shigo gidan nan duk makon, ta sayi ƙwai, ta sha ruwa."

Hannuwa suka tashi har da na mai unguwa, ɗayan yana share ido. Sauran masu saye sun gudu, tsoho kuma motar kayansa na jiran ƙarshen wata. A tara ɗin da ya tanadar wa Yaya aka sallama wa Madam. Madam Nkoli ta ajiye kiret, ta zo gaban Labaran ta ɗan rusuna.

"Oga Labaran, na gode fa. Ni na shirya goma. In zan sayi shago, zan kira ka ka zo ka yi mini wannan tari."

Yaya ba ta yi kuka a wurin ba. Ta je bakin rijiyar ta leƙa, ta daɗe, sannan ta gyara mayafi ta yi gaba. Muka hau keke. Mun kusa Laranto Labaran ya yi gyaran murya ya ce, "Amma dai kin ga ya sauko. Da ma na ce zai sauko." Mai keken ma sai da ya waiwayo ya dube shi.

Ƙarshen wata aka cire rufin gidan haya. Yaya ta bi gidaje shida da kuɗinta a hannu, duk mai araha babu ruwa, duk mai ruwa ya fi ƙarfinta. Madam Nkoli ce ta aiko, ta ce ɗakuna biyu na baya, kusa da inda kejin kaji yake, tana ba da su haya, in Mariya na so. 'Yan layi suka ce sun yarda, amma da sharaɗi: mabuɗi a hannun Madam, guga a hannun Labaran. Duk tsohuwar da ba ta iya ja, shi zai ja mata.

Yanzu haka suna can. Yaya na buɗe taga ta ga rijiyar da ta kusa zama tata, ta ga fiya na faɗowa a tsakar gidan wata. Ba ta daina yi masa tuwo ba, amma kwalbar yaji tana cikin akwati da kwaɗo. Sunan da ya ce a canza masa kuwa 'yan layi sun ɗauke mata wahalar, har yara Malam Atisha suke ce masa.

Makon jiya na je da sassafe zan ɗauke ta mu tafi kasuwa. Na tarar da shi bakin rijiya, tsofaffi biyar a layi da bokitansu, ruwa ya jiƙa masa wando har gwiwa, sanyi na kaɗa shi. Idonsa ya yi ja, hanci na zuba. Wannan karon ta gaske ce, ko makaho ya ji muryarsa ya sani. Ya saki wata atishawa da ta kusa jefa shi cikin rijiyar. Ba wanda ya matsa, ba wanda ya ce masa sannu. Tsohuwar gaba ma bokitinta ta ƙara turo masa da ƙafa.

Ya juyo wajen taga a marairaice. "Mariya, wallahi zazzaɓi nake ji."

Yaya na ɗaura ɗankwali, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Allah sarki, Baban Mahdi. Nawa aka rage mana?"